Na Je Kabarin Mahaifina a Minna, Na Rasa Inda Zan Tsaya

Sau uku na zagaya gindin darbejiyar kafin in yarda cewa na ɓata. Tun ranar jana'iza na riƙe kwatancen a ka: idan ka shiga ta ƙofar gabas, ka bi 'yar siririyar hanyar da ta miƙe, ka bar darbejiya a hannun dama, kabari na bakwai a sahu na biyu, nan aka kwantar da mahaifina. Shekara 11 ina ɗauke da wannan lissafi kamar lambar sirrin katin banki, ban taɓa zaton akwai ranar da zai ƙi yi mini aiki ba. Sai ga shi da na zo, darbejiya ta zama uku, 'yar hanyar an binne mutane a kanta, ciyawar ƙarshen damina kuma ta kai mini ƙugu. Allon ƙarfen da na sa aka rubuta sunansa a kai babu shi, babu alamarsa.

Na tsaya da takalmi a hannu, gumi na bin bayana, ina duban tudun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kowanne kamar ɗan'uwansa. Na zo da addu'a a baki, amma ban san inda zan fuskanta ba.

Gara in faɗi laifina da kaina: rabona da wurin shekara 6. Ba Landan nake zaune ba, ba Jidda ba. A Kubwa nake, aikina tace labarai a Abuja, kuma abin da ke tsakanina da Minna kusan kilomita 150 ne. Na san ba ni kaɗai ba ne. A Sakatariyar Tarayya, da ofisoshin Majalisa, da hukumomin da ke Maitama da Garki, akwai dubban irina, waɗanda garinsu ke kusa har ya zama ba sa ganin dalilin gaggawa. Mutumin Maiduguri yakan tsara tafiyarsa tun wata biyu, ya nemi hutu, ya tanadi guzuri, ya je. Mu 'yan Neja sai mu ce Asabar mai zuwa, Asabar ɗin kuma ta zo da ɗaurin aure, ko taron oga, ko gajiya kawai.

Tambayar Inna

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye matuƙar akwai wanda za ta bi ta kansa. Tun da aka raba gado aka sayar da gidanmu na Minna take zaune tare da mu. Wani dare a watan Satumba, bayan rediyo ya ba da labarin ambaliyar da ta yi ɓarna a wata maƙabarta, na ji ta daga tsakar gida tana cewa matata: "Ki tambayi mai gidan naki, ruwan bana bai taɓa wurin Malam ba?"

Ina jin ta, tana kuma sane ina jin ta. Ba ni da amsa.

Sai a daren na lura da wani abu da na daɗe ina gani ban taɓa auna shi ba. A al'adarmu mata ba sa bin makara. Inna ta zauna da mahaifina sama da shekara 30, ta yi jinyarsa, ta yi masa takaba wata huɗu da kwana goma, amma ƙofar gida ce iyakar inda ta raka shi. Ba ta taɓa ganin kabarin ba. Duk abin da ta sani game da inda mijinta yake kwance, daga bakina ta ji shi. Malamai sun yi saɓani kan ziyarar mata ga kaburbura, kuma ba wannan ne ya kawo ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe amana aka ba ni, na ɗauke ta a matsayin labari.

Hanyar da kowa ya sani

Na fita bayan sallar asuba wata Asabar a ƙarshen Oktoba. Duk wanda ya taɓa raka ubangidansa gaisuwa Minna ya san hanyar: Zuba, Madalla, Dutsen Zuma a tsaye cikin hazon safiya, sai Suleja, garin da asalinsa shi ne Abuja kafin ya bar wa sabon babban birnin ƙasa sunan bayan 1976. Mu da muke taƙama da zama Abuja, sunan aro muke taƙama da shi.

A mahaɗar Dikko, inda ake barin titin Kaduna a karya hagu, na rage gudu ba tare da na yi niyya ba. A nan ne tankar mai ta fashe ranar 18 ga Janairu, 2025, ta hallaka sama da mutum 80. Da yawansu wuta ta cinye su har ba a iya gane su ba, aka haɗa su a kabari ɗaya. A kan teburina labarin ya biyo a lokacin; na gyara masa waƙafi, na rage masa tsawo, na sa masa kanu. Ban yi tunanin 'ya'yan da ba za su taɓa iya nuna wani tudu su ce nan ne ba. Ni da aka ba ni wurin a hannu, ni ne na yi sakaci da shi.

Daga nan sai Lambata, da Kwakuti, da Paiko, doya jibge a bakin hanya, matan Gbagyi ɗauke da kaya a kafaɗa kamar yadda na san su tun ina yaro. Aikin mayar da wannan titi tagwaye ya haura shekara 10 ana yi, tireloli na bin juna kamar jerin raƙuma, tafiyar awa biyu takan koma uku ko huɗu. Shekaru da dama da wannan titi nake kāre kaina idan zancen zuwa gida ya taso. Amma na lissafa a cikin motar: a shekara 6 ɗin nan na shigo Minna sau huɗu, sau biyu biki, sau biyu aiki. Titin bai hana ni ba.

Masu aiki da manya za su gane abin da nake nufi. Minna gari ne da ake zuwa ziyara a jerin gwanon motoci. Shugabannin ƙasa biyu ta haifa, Janar Ibrahim Badamasi Babangida da Janar Abdulsalami Abubakar, kuma da wuya kakar siyasa ta wuce ba a ga baƙi sun hau dutse gaisuwa ba. A shiga, a ɗauki hoto, a yi wa 'yan jarida magana, a juya kafin magariba. Akwai hadimai 'yan asalin garin a cikin irin waɗannan motoci, suna wucewa ta gefen katangar da iyayensu ke bayanta, jiniya na kuka. Na taɓa zama ɗaya daga cikinsu, a motar 'yan jarida.

Garin da jirgi ya tara

Ban nufi maƙabarta kai tsaye ba. Na ce bari rana ta ɗan yi sanyi, amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Sai na karkata Kwangila, unguwar da aka yanke mini cibiya.

Asalin Minna garin Gbagyi ne a kan dutsen Paida, kuma ana danganta sunan da wata tsohuwar al'adarsu ta kashe wuta a sake kunna sabuwa a rarraba wa gidaje sau ɗaya a shekara. Amma garin da ke ƙasan dutsen, jirgin ƙasa ne ya tara shi. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Baro, a bakin Kogin Kwara, zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta nan ya ratsa. Layin Legas da ya biyo ta Jebba da Zungeru kuma a nan ya zo ya haɗe da shi. Inda layi biyu suka haɗu, nan mutane ke haɗuwa: Hausawa, da Nufawa, da Yarbawa, da Ibo, leburori da akawuna da 'yan tireda. Ba banza ba marubuta biyu da na karanta a jami'a, Cyprian Ekwensi da Ben Okri, duk a Minna aka haife su, ɗaya a 1921, ɗaya a 1959, alhali iyayensu daga Kudu suka fito. Sai a 1976, da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja, garin ya zama hedikwata, ma'aikatan gwamnati suka fara rinjayar ma'aikatan Reluwe.

Kakana ɗan dako ne a tasha. Mahaifina kuwa, da ya yi ilimin boko, ya zama akawu a ofishin awon kaya. Kowane buhu da ya hau jirgi ko ya sauka, sai ya bi ta alƙalaminsa: nauyinsa, da mai shi, da inda ya fito, da inda za shi. Ina tuna manyan littattafan nan masu jan bango, da yadda yake ja layi da rula ko da layin ɗaya ne. A gida ma haka yake. Yana da ƙaramin littafi da yake rubuta ranar haihuwar kowannenmu, da ranar da aka yi mana shayi, da kuɗin makaranta, har da bashin mai kanti. Idan akwai inda na gaji aikin da nake yi yau na bin rubutun wasu da jan biro, a wurinsa ne.

Gidan yana nan, amma ba shi ba ne. Wanda ya saya ya rushe zauren ya fitar da shaguna uku: mai POS, da mai cajin waya, da mai sayar da ruwan leda. Mangwaron da ke leƙowa ta saman katanga, wanda muka sha duka a kansa, an sare shi. Na tsaya a daidai inda dakalin Malam yake a da, sai wani yaro da bai wuce shekara 10 ba ya fito daga ciki ya ce, "Sannu Baba, wa kake nema?" Na buɗe baki in ce gidanmu ne, sai na ga ba gaskiya ba ne. Na ce masa ɓatan kai na yi.

Ban ga laifin mai gidan ba, da kuɗinsa ya saya. Mu ne muka sayar, muka raba, kowa ya kama gabansa. Rabona ya tafi a kuɗin hayar shekara biyu a Kubwa. Haka gidajen gado da yawa ke ƙarewa, kuma ba kasafai ake faɗa ba cewa ranar da aka sayar da gida, ranar ce aka yanke igiyar da ke janyo 'ya'ya su zo garin. Babu inda za ka sauka, babu wanda zai ce ka kwana, sai ziyara ta zama ta otal.

Abu ɗaya ne bai canza ba. A lungun baya, zauren makarantar allonmu yana nan da ƙasarsa, kuma tun kafin in ƙarasa na jiyo karatun yara, da irin sautin nan da ke tashi ya sauka kamar ba a taɓa tsayawa ba tun da na bar wurin. Malaminmu ya rasu, ɗansa ne a kan buzun, wanda muka yi wasan langa tare. Ya gane ni kafin in gane shi. Muka gaisa, ya yi wa Malam addu'a, ya tambayi Inna da sunan da 'yan unguwa ke kiranta, sunan da ban ji a bakin kowa ba tun da muka koma Abuja.

Sauran garin na bi shi a gurguje. Tsohuwar babbar kasuwa, inda ake aikena sayen kayan miya, an tashe ta tuntuni an mayar da 'yan kasuwa Kasuwar Kure. Tun da Gwamna Mohammed Umaru Bago ya hau mulki a 2023 ake ta faɗaɗa tituna, ana rushe abin da ya shiga hanya, har na yi ɓatan kai na gaske a wata mahaɗa da a da nake bi ido rufe. Ban ce aikin ba shi da kyau ba. Garin ya daɗe yana bukatar tituna. Sai dai mai kwatance da bishiya ko da kanti, ya fara neman wata alama. Na wuce ta filin wasa na Bako Kontagora, inda Malam ke goya ni a babur mu je kallon Niger Tornadoes, na tuna daren shekarar 2000 da suka doke Rangers ta Inugu suka ɗauki Kofin Ƙalubale, garin nan bai yi barci ba. A tashar jirgi kuwa na daɗe. Tsofaffin taragai a tsaye, ciyawa ta fito tsakanin layuka, awaki na kiwo. Jirgin zamanin da muke hawa daga Abuja zuwa Kaduna tun 2016 ba ya biyowa ta nan. Na leƙa ta tagar ofishin da yake zama. Ban ga littattafan masu jan bango ba.

Dattijon da ya riƙe lissafi

Bayan la'asar na shiga maƙabarta, abin da na faɗa a farko ya faru.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba kafin in ji sallama a bayana. Dattijo ne, zai haura shekara 70, da lauje a hannu, rigarsa ta rine da jar ƙasa. Ya dube ni, ya dubi takalmin da ke hannuna, ya ce, "Yaro, naka ya ɓace maka ne?"

Na ce, "Eh, Baba. Mahaifina."

Bai tambaye ni sunansa da farko ba. Ya tambayi shekarar, ya tambaya da damina ne ko da rani, da safe aka kawo shi ko da yamma, daga wace unguwa. Na ce da damina, bayan la'asar, daga Kwangila. Ya yi shiru yana duban ƙasa. Can ya ce, "Na Reluwe? Wanda aka yi ruwa ranar, har sai da muka kwashe ruwa a ramin da kwano kafin a sa shi?"

Gwiwoyina suka yi sanyi. Na manta da wannan kwanon sarai, sai da ya faɗa na gan shi a idona.

Ya shige gaba yana sara ciyawa, ina bin sa. Bai nufi darbejiyar da nake zagayawa ba. Tawa, in ji shi, iska ta kayar da ita shekara huɗu da suka wuce, waɗannan 'ya'yanta ne. Yana tafe yana ambaton maƙwabta kamar mai zagaya unguwa: wannan matar wani liman ce, wannan yaro ne da mota ta buge a hanyar Bosso, waɗannan biyun rana ɗaya aka kawo su. Ya tsaya gaban wani tudu da ya kusa shafewa, da baƙin dutse kamar girman kan mutum a wajen kai. Ya ce, "Ga mahaifinka."

Na tambaye shi allon da na kafa. Ya ce 'yan bola-jari sun daɗe da kwashe duk wani ƙarfe da ke wurin, ta inda katanga ta faɗi suke shigowa da dare. Dutsen fa? Ya ce wani tsoho ne ya kawo shi a bayan keke, abokin aikin marigayin, wanda ya yi shekaru yana zuwa duk Juma'a, ya cire ciyawa, ya yi addu'a, ya tafi. "Amma bana ban gan shi ba. An ce idonsa ne."

Abin da na faɗa a gaban kabarin, tsakanina da Ubangijina ne. Na yi sallama, na roƙa masa gafara da rahama, shi da maƙwabtansa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, domin a ranar ni ne babba, ni ke karɓar gaisuwa. Dattijon ya ja gefe ya ba ni baya, yana ta saran ciyawar da ba ta tare masa komai ba.

Na san abin da wani mai karatu zai ce, domin na sha faɗa wa kaina: addu'a tana isa ga mamaci daga ko'ina, ba sai an tsaya a kansa ba. Gaskiya ne. Musulunci bai kuma yarda a gina kabari ko a ƙawata shi ba. Da Sarki Abdullah na Saudiyya ya rasu a Janairun 2015, a kabarin da ba suna aka sa shi a maƙabartar Al-Ud da ke Riyad. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, a Ɗanmarna aka kai shi a Mayun 2010, cikin sauran Katsinawa. Kabarin Musulmi an yi shi ne don ya koma ƙasa. Amma hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW), bayan ya hana ziyarar kaburbura da farko, ya dawo ya yi umarni da ita, kuma shi da kansa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa da aka binne Usman bin Maz'un, Annabi ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa don ya riƙa gane wurin. Tsakanin gina ƙubba da mantawa da wurin gaba ɗaya akwai dutse guda, kuma ni ko wannan ban ajiye ba, wani ne ya ajiye mini.

Littafin da babu

Da muka zauna a inuwa na tambayi dattijon ko akwai littafin da ake rubuta waɗanda aka binne. Ya yi murmushi ya nuna kansa da yatsa. Sama da shekara 40 yana wannan aiki, ya gaje shi daga wanda ya koya masa. Ba shi da albashi. Abin da masu gawa suka miƙa, da abin da kwamitin unguwa ya tara lokaci-lokaci, da shi yake ci. Samarin da ke taya shi haƙa ba sa daɗewa, da sun sami babur na haya sai su tafi. Na ce, to ranar da ba ka nan fa, Baba? Ya ce, "Sai su huta da masu nema."

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana rubuta nauyin kowane buhun gyaɗa da inda za shi, yau babu takarda ko ɗaya a duniya da ta ce ga inda yake kwance. Akwai shi ne a ƙwaƙwalwar wani tsoho mai lauje, tare da wasu dubbai.

A nan ne nake ganin zancen ya shafi masu karanta wannan shafi fiye da kowa, domin mu ne masu rubuta takardu. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kafa maƙabartu da kula da su a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, a jeri ɗaya da kasuwanni da tashoshin mota. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. An yi ta muhawara kan wanda zai riƙe kuɗin. Ban ji an tsaya kan ayyukan da jadawalin ya lissafa ba, balle wannan da ba ya kawo haraji. Kasuwa tana da mai karɓar kuɗin rumfa, tasha tana da 'yan kamasho, maƙabarta kuwa mazaunanta ba sa zanga-zanga, ba sa kuma jefa ƙuri'a.

Ban zo in ɗora wa wani ofishi laifin abin da ya same ni ba. Ni na yi shekara 6 ban zo ba. Amma abin da wurin nan ke bukata ba shi da tsada: a tayar da katangar da ta faɗi, a fitar wa ruwa hanya, a raba filin sahu-sahu da lamba, a sayi littafi mai kauri, a ɗauki yaro ɗaya mai ilimi ya zauna kusa da dattijon nan ya rubuta abin da ke kansa tun yana iya faɗa. Kuɗin shayin taron bita ɗaya a otal ɗin Abuja zai yi rabin wannan. Hadiman 'yan majalisa sun fi ni sanin yadda ake tsara jerin ayyukan mazaɓu, da yadda fitilun kan titi da Keke Napep ke shiga saboda ana iya manna musu hoto. Wanda ke riƙe da alƙalamin jerin yana iya ƙara layi ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan gari da muke taruwa duk wata a Abuja muna karo-karon biki da suna su ma suna iyawa, ba sai an jira kowa ba.

Kafin in tashi na buɗe taswirar waya na ɗauki daidai wurin, na ɗauki hoton dutsen ta kusurwa huɗu, na tura wa ƙannena a zaurenmu na WhatsApp. Ƙanwata da ke aure a Sakkwato ta kira nan take, ba ta iya cewa komai ba. Ita ma wannan ne ganinta na farko.

Mai dutsen

Ɗan malaminmu ne ya yi mini kwatancen gidan, a Limawa. Na same shi zaune a tabarma a ƙofar ɗaki bayan magariba, Banufe ne, dogo, yanar ido ta rufe masa gani. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi ɗan wane ne ni. Ya miƙo hannu ya shafa fuskata, ya ce, "Kai ne babban? Ɗana, ka yi ƙiba. Abuja ta karɓe ka."

Na jira faɗa, bai yi ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har da wadda aka haifa bayan ya bar aiki. Ya ba ni labarin shekarar da suka fara aiki tare, da yadda mahaifina ya taɓa hana wani babban ɗan kasuwa ɗora kaya saboda awon bai cika ba, aka yi ta kai ruwa rana. Na yi masa godiyar dutsen. Ya ce ba abin godiya ba ne, ya ga an sace allon ne, ya ji tsoron kada yaran su zo su rasa wurin. Ashe tun ban zo ba ya san zan zo in rasa.

Malamai kan kawo hadisin Abdullahi bin Umar cewa yana daga mafi girman biyayya mutum ya sadar da zumunci ga abokan mahaifinsa bayan rasuwarsa. Na san hadisin tun ina Islamiyya. Ban san mutumin nan yana raye ba. Na tambayi jikansa ko an kai shi asibiti, ya ce likita ya ce aiki ne za a yi, ana ta haɗa kuɗin. Na karɓi lambar yaron.

Sha ɗayan dare ta wuce kafin in isa Kubwa. Inna ba ta kwanta ba, tana zaune a kan sallaya da carbi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na ce, "Inna, ruwa bai taɓa wurin ba." Ban faɗa mata sau nawa na zagaya darbejiya ba. Na miƙa mata wayar. Ta daɗe tana duban hoton, ta kawar da kai gefe kamar yadda take yi idan ni ne a gabanta, ta tambayi wanda ya sa dutsen. Na faɗa mata.

Ta yi shiru, sannan ta ɗaga murya ta kira matata, ko da yake ga ni a durƙushe. "Ki buɗe akwatin nan na ƙarƙashin gado. Akwai farar shaddar Malam da bai kai ga ɗinkawa ba. Ki ba shi ya kai wa mutumin Limawa, kada ta wuce Asabar."